Azumin Harshen Saniya

Akwai wani tsami da har yau nake nema a bakina. Ya fi na yakuwa sanyi, bai kai na tsamiya kaifi ba, yana tafe da ɗan yauƙi da ɗan gishiri-gishiri, ya kuma fi zama a gefen harshe. Na fara saninsa ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a daminar 1984, ina tsaye a bayan turken shanunmu riƙe da ƙwarya, gari bai gama wayewa ba, kakata tana duƙe tana tsinkar abin da duk tasowata aka koya mini cewa maƙiyin manomi ne.

Ƙauyenmu yana arewa da Katsina, a jigawar da ke tsakanin Kaita da Dankama. A lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, don sai a 1987 Katsina ta samu tata jihar. Tsakaninmu da ƙasar Maraɗi tafiyar ƙafa ce, rabin danginmu ma a can suke. Gero ne cinmu, gero ne kuɗinmu, da yawan damin da magidanci ya zuba a rumbu ake sanin nauyinsa a gari.

Tsiron da nake magana a kansa suna biyu gare shi a gidanmu. Kaka tana ce masa halshen saniya, da irin bakinta na Katsinawan dauri, saboda ganyensa ɗan ƙarami ne mai kauri da santsi, kansa a zagaye kamar harshe. Baba kuwa fasa-ƙaba yake ce masa, don akan dandaƙa shi a ɗaura a kan kumburi ko maruru. Ba ya miƙewa tsaye. A kwance yake rayuwarsa, ya baza rassa jajaye masu sheƙi ta kowace fuska, kamar an kifa faifai a ƙasa. In ka karya reshen sai ka ji ɓas, ruwa ya jiƙa maka yatsa. Juji, turke, bakin rijiya da kwarin kunya, duk inda taki ya taɓa sauka, nan ne gidansa.

A wajen noman firi da maimai na fara sanin taurin kansa. Kowace ciyawa in fartanya ta tsinke mata saiwa, rana ɗaya ta ishe ta. Shi kuwa Baba doka ya kafa a kansa.

"Kada ka bar shi a kwari," in ji shi. "Kwashe shi ka kai kan fako, ka kifa shi saiwa sama. Wannan ba ya mutuwa sai ya ga dama."

Ni da ƙuruciya na ɗauka Baba zuzutawa yake yi. Wata rana na tumɓuko guda ɗaya babba, na kakkaɓe ƙasar saiwarsa, na rataye shi a darnin bayan ɗakin Inna, inda rana take dukansa tun hantsi har la'asar. Kwana uku, ganyen yana nan shar. Mako guda, manyan ganyen ƙasa suka yanƙwane suka zube, na kan rassa suna nan. Ana cikin mako na biyu, wata safiya na tarar ya yi fure, ɗan ƙarami rawaya mai kunne biyar, a rataye, ba ƙasa ba ruwa. Kafin azahar furen ya rufe. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan ƙululu ya maye gurbinsa, na taɓa shi da farce, sai murfinsa ya ɓalle kamar murfin tulu, ƙwayoyi baƙaƙe sumul, kamar garin kwalli, suka zubo mini a tafin hannu. Na ruga na nuna wa Kaka. Ta duba, ta yi dariya.

"Maigida, kai ka rataye shi don ya mutu, shi kuwa ya tsaya sai ya bar magada."

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Wannan a shekarar wadata ne, lokacin da harshen saniya abin wasa ne a wurina, abin haushi a wurin Baba.

Shekarar 1984 tun farkonta ta zo da nauyi. A watan Afrilu gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin kuɗi, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, kasuwancin da muka saba yi da dangi na Nijar ya koma na dare. Azumi ya kama a watan Yuni. Da ƙishirwa a wuya aka yi shuka. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Aka sake. Har sau uku muka zuba iri a gonar gandu, na ukun ma aro Baba ya yi. Wanda ya kama ya taso har ya kai ƙugu, muka fara sa rai. Sai watan marka ya zo babu marka.

Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, mu yara mu tuɓe riguna. Sai iska ta taso da jar ƙura, ta yi awon gaba da shi, a wayi gari sama tas kamar an share. An fita roƙon ruwa filin idi fiye da sau ɗaya, manya sun juya riguna, mu almajirai muna biye da alluna a ka. Gero ya nannaɗe ganyensa kamar tabarma, koren ya koma toka-toka. Wanda ya yi ƙoƙarin fitar da kai, in ka murza zangarniyar a hannu sai ƙaiƙayi. Wake ya zubar da fure. Ƙasar jigawa da tsakar rana ba ta takuwa da ƙafa ba takalmi; daga baya na san irin wannan yashi yakan wuce digiri 50 na zafi.

A kan wannan yashin harshen saniya yake kwance, da ransa.

Ya canza kama, ba shakka. Rassan sun ƙara ja har sun yi kamar jinin kare, ganyen ya ƙanƙance, ya daina yaɗo. Da tsakar rana ganyayen sukan tattaru su miƙe sama, su manne da juna, kamar mai ɓoye fuska. Na taɓa sa ƙafa na shure wani, na ce wa Kaka wannan kam ya mutu.

"Ƙyale shi," ta ce. "Azumi shike. Ba ka ga ya kama bakinsa ba?"

Rumbu ya kai ƙasa kafin babbar Salla, wadda ta faɗo a farkon Satumba. Aka sayar da sa ɗaya a kuɗin da bai kai na tunkiya mai kyau ba, don kowa sayarwa yake yi. Baba da yayana suka tafi cin rani tun damina ba ta fita ba. Da dare mukan ji wucewar mutane ta bayan gari, Buzaye da sauran raƙumansu, da mutanen Dakoro da Mayahi da Tasawa, mata da goyo, suna bin daji saboda iyaka a rufe take. A Nijar har yau El Buhari ake kiran yunwar wannan shekara. Kaka takan ba su ruwa da abin da ya samu, ta ce ita ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 tana 'yar mitsitsiya, ta ga farin 1973, kuma ba ta taɓa ganin yunwar da ta tambayi mutum ɗan wace ƙasa ne ba.

Gari ya koma ga ganye. Tafasa, yaɗiya, gasaya, lalo, duk aka bi su. Tafasa ta ƙare tun da wuri, don kowa ya san ta, cinta kuma ba abin kunya ba ne. Masu ƙarfin tafiya suna shiga daji neman hanza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Abin da ya rage a kusa, wanda ba ya ƙarewa, shi ne na juji. A nan matsalar take. Cin ganyen daji talauci ne da kowa ya yarda da shi. Tsintar abin da ya tsiro a kan kashin shanu, a bayan gidanka, wannan kuma tonon asiri ne.

Shi ya sa da Kaka ta fara tashina da asuba, bayan ta idar da salla, na ɗauka kunya ce kawai take sa mu fita cikin duhu. Takan tsinki kan rassa masu taushi da farce, tsawon ɗan yatsa, ta bar gindin. "In ka tumɓuke, gobe mi za ka ci?" Wata asuba ta miƙo mini reshe guda.

"Tauna."

Na tauna. Tsami ya tsarga mini har kunne, yawu ya cika mini baki. Da la'asar ta sake jana zuwa gindin nan dai, ta tsinko wani reshen. Na tauna, na ji lami, sai yauƙi da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Na ce ta canza gindi. Ta rantse ba ta canza ba.

"Na asuba na kwaɗo ne, ya hutar da ke neman tsamiya," ta ce wa Inna da muka koma. "Na marece na miya ne." Sannan ta juyo gare ni. "Kuma ka lura, shekarar da ruwa ya wadata ba ya irin wannan tsami. Ruwa ba ya tsami banza, maigida. Kwanan ƙishirwa ya yi."

Kwaɗon kuwa ga yadda ake yinsa. A wanke shi sau uku saboda yashi, a zuba a tafasasshen ruwa ya ɗan yi laushi, a tsame, a matse, a zubar da ruwan. A daka ƙuli-ƙuli guda biyu ko uku, in akwai, da barkono da gishiri, a yayyanka albasa, a cuɗa. Mai kam sai labari. Ran da aka samu garin rogo a barbaɗa, ran da ba a samu ba a ci haka nan, a kora da ruwa. Mu takwas muke zagaye akushi ɗaya. Ba zan ce muna ƙoshi ba, amma tsamin nan yakan yaudari baki, ya sa mutum ya ji kamar abinci ya ci.

Wata asuba muna tsinka a jujin bayan masallaci, sai muka ji motsi. Matar wani magidanci ce, daga cikin gidajen da ake ganin ko shekara bakwai aka yi ana fari ba za su girgiza ba. Ƙwarya ce a hannunta, ta rufe da gefen mayafi. Muka yi cirko-cirko.

"Ina kwana, Iya?"

"Lahiya lau, 'yar nan. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ɗan ƙaramin ne ya kwana da maruru, na ce bari in samo fasa-ƙaba in ɗaura masa."

Kaka ta dubi ƙwaryar, wadda ta kusa cika, abin da zai ɗaure marurun unguwa guda.

"Allah ya ba shi lahiya," ta ce. "Ɗebi da yawa, marurun bana ba ya jin magani kaɗan. Mu ma shi ya fito da mu."

A hanyar komawa ta kama kunnena ta murɗa, ban yi laifin komai ba. "Abin da ka gani da asuba, na asuba ne." Ban taɓa faɗa wa kowa ko wace ce ba, yau ma ba zan faɗa ba.

Sai da na girma na lura cewa gidanmu ma a watannin nan dare ya koma wa. Rijiyar gari ta ja baya, da rana guga sai laka yake kwasowa, sai cikin dare ruwa yake ɗan tsattsafowa ya taru, don haka Inna da sauran mata da tsakar dare suke ɗiba. Ɗan abin da za a daka, da dare ake daka shi a hankali, saboda ƙarar turmin da ba kome a cikinsa daban take, maƙwabta kuma suna da kunne. Da rana kowa ya nemi inuwa ya lafe. Ko hira an rage, Kaka ta ce magana ma cin hatsi take yi.

Shekara goma bayan haka ina zaune a aji a Samaru, a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, malaminmu yana bayanin yadda ganye yake girka abincinsa. A jikin kowane ganye akwai dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon take shiga, ganye ya haɗa ta da ruwa, hasken rana ya zama wutar girki, a samu sukari. Amma ƙofar da iska take shiga, ta nan ruwa yake tsere wa tsiro. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo, ta waɗannan ƙofofi yake tashi sama. Ga tsiron da ke cikin fari, buɗe baki ƙishirwa ce, rufe shi yunwa.

Shinkafa, alkama, wake da gyaɗa, in zafi ya tsananta girkinsu yakan lalace, don sinadarin da ke kama iskar kabon sai ya dinga kuskure yana kamo iskar oksijin, wahala ta tafi a banza. Gero, dawa, masara da rake suna da dabarar da ake kira C4: sukan tattara iskar kabon su cusa ta cikin wasu ƙwayoyi da ke kewaye da jijiyoyin ganye, ta taru da yawa, girki ya tafi daidai ko da rana tana tsaka, kuma ba sai sun wangale ƙofofinsu ba. Shi ya sa gero yake son zafin da alkama ba ta iya ɗauka. Amma shi ma da rana yake cin abincinsa. In ruwa ya yanke gaba ɗaya, iyakarsa ya naɗe ganye ya jira, in jiran ya yi tsawo ya faɗi.

Akwai kuma dabara ta daban, in ji malam, ta su abarba da tsirran hamada masu kaurin jiki, ana ce mata CAM. Su da rana bakinsu a rufe yake ruf. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, raɓa ta fara sauka, sannan su buɗe ƙofofinsu su sha iskar kabon ba tare da asarar ruwa mai yawa ba. Da yake babu rana balle a yi girki, sai su mayar da iskar wani ruwa mai tsami, sinadarin malik, irin wanda ke cikin ɗanyar tuffa, su adana shi a cikin ganye. Gari na wayewa su rufe baki, su dinga warware tsamin nan kaɗan-kaɗan, suna fitar da iskar da suka ɓoye suna girki da ita a cikin gida. Kafin la'asar tsamin ya ƙare. Ya ce wani likita Bajamushe da ya yi aiki a Indiya, Benjamin Heyne, yana cikin waɗanda suka fara lura da wannan, da harshensa kuma ya gano shi: ya tauna ganyen wani tsiro da safe ya ji tsami, ya tauna da rana ya ji babu. A 1815 aka buga bayaninsa a Landan.

Sannan malam ya ce akwai wata ciyawa ta banza da ta haɗa dabarun biyu, abin da ba kasafai ake samu ba a duniyar tsirrai. In akwai ruwa, C4 take yi kamar gero, ta yi ta yaɗo cikin zafi. In ruwa ya yanke, sai ta kunna CAM, ta koma aikin dare. Ruwa na dawowa, cikin 'yan kwanaki ta kashe ta koma yadda take. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Koch da Kennedy, su suka bayyana haka a 1980. Ya rubuta sunanta na Latin a allo, Portulaca oleracea, ya ɗaga busasshen samfuri manne a takarda.

Yawu ya cika mini baki a cikin aji. Ashe tsamin nan sahur ne. Azumin da Kaka ta faɗa tana raha, azumi ne na gaske: baki a rufe tun fitowar alfijir, abin da aka ci cikin dare shi ke riƙe da mutum har faɗuwar rana. Har ƙanƙancewar da na gani tana cikin lissafi, don abin da tsiron yake samu da dare kaɗan ne, ba na ƙiba ba ne, na riƙon rai ne. Kaurin ganye da rassa randarsa ce. Zubar da tsofaffin ganye rage masu shan ruwa ne a gida. Jan launin da ya ƙaru a jikinsa kuwa yana taimaka masa wajen kare kansa daga ƙunar haske. Shi kuma wanda na rataye a darni, da ruwan randarsa ya yi fure ya nunar da iri.

Da aka yi hutu na tafi gida da ɗokin labari. Kaka ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Na zauna na zayyana mata ƙofofin ganye da sinadarin malik da Bajamushen Indiya. Ta saurara har na gama.

"To, maigida, sai da aka kai ka Zariya aka biya kuɗi kana ka san ciyawa na jin ƙishirwa?"

Inna ta fashe da dariya daga madafa. Kaka ta ɗan yi shiru, carbin ya tsaya a hannunta.

"Su da suka san wannan duka, sun koya wa gero?"

Na ce a'a.

"To su koma su yi karatu."

Ba ta ƙara damina biyu ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tambayarta kuwa tana nan. A 2022 na karanta cewa masana a Jami'ar Yale, ƙarƙashin Farfesa Erika Edwards, sun leƙa cikin ganyen wannan ciyawa sun ga abin da ba a zata ba. A da ana ɗauka dabarun biyu kowace da ɗakinta a cikin ganyen, ba sa haɗa hanya. Sai suka tarar a ƙwayoyi ɗaya suke aiki, tsamin da aka tara da dare kai tsaye yake shiga girkin C4 da rana, kamar tukunya ɗaya da ake yin sahur da buɗa-baki a cikinta. Abin da ya sa binciken ya ja hankali shi ne fatan wata rana a iya dasa wannan dabara a jikin amfanin gona irin masara, wadda ita ma C4 ce. Har yanzu gero bai koya ba. Amma an koma karatun, kamar yadda ta ce.

Wani abin da na fahimta daga baya shi ne abin da ya faru a daminar 1985. Ruwa ya dawo, kuma kafin geron da muka samo da ƙyar ya yi ganye huɗu, harshen saniya ya rufe kwarin kunya kamar an shimfiɗa bargo. Gindi ɗaya mai ƙoshi yakan zubar da iri sama da 100,000, irin kuma ba ya gaggawa. A 1879 wani malami a kwalejin aikin gona ta Michigan, William Beal, ya cuɗa irin ciyayi da yashi ya zuba a kwalabe ya binne, ana tono ɗaya bayan wasu shekaru ana gwadawa. Irin wannan ciyawa ya tsiro bayan shekara 40 a ƙasa. Baba ya dawo daga cin rani ya tarar da gona haka, ya ɗauki fartanya, ya buɗe baki zai maimaita tsohuwar dokarsa. Sai ya yi shiru. Ya ce in kwashe in kai kan fako, amma na bakin turke a bar wa tsohuwa kayanta.

Na kuma zo na gane cewa abin da muke ɓoyewa a ƙarƙashin mayafi, a wasu ƙasashe a kasuwa ake sayar da shi. Wani abokina Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ya ce su rijla suke ce masa, ɗauri-ɗauri ake saye, a dafa da nama da adas, a kai wa baƙo ba tare da an sunkuyar da kai ba. Turkawa da kindirmo suke cinsa. Masana abinci sun tabbatar yana da sinadarin omega-3 fiye da yawancin ganyaye. Yana kuma da sinadarin okzalet da yawa, wanda mai fama da tsakuwar ƙoda ya kamata ya yi hattara da shi. Tafasawa da zubar da ruwan da Kaka take yi yana rage shi.

Yanzu in na je gida da damina, gonaki tas suke. Maganin feshi ya hutar da yara daga maimai, ba na kuma ƙyashin hutunsu, na san zafin fartanya a tafin hannu. Sai dai na tambayi 'ya'yan ƙanena sunan ciyawar da ke bakin turke, babu wanda ya sani. Ina roƙon Allah kada ya kawo ranar da za su buƙace ta. Amma wanda ya ga 1984 ya san sama ba ta yi wa kowa alkawari ba, kuma sanin abin da ake ci a bayan gida shi ma rumbu ne.

A gidana na Kano, bara, wani ya tsiro a tsagar siminti kusa da famfon da ke ɗiga. Na fita da asuba na tsinka na tauna. Lami. Na ji muryar Kaka a kunnena tana cewa wannan ɗan gata ne, bai san duniya ba. Sai na cire shi na dasa a tsohon gwangwanin madara, na ajiye a kan katanga inda rana take, ya kama, sannan na hana kowa ba shi ruwa. Autata, mai shekara tara, kullum sai ta je ta duba shi ta dawo tana harara ta. Rassan suka yi ja, ganyen ya tattaru. A kwana na goma sha biyu na tashe ta bayan sallar asuba, na tsinko kan reshe na raba biyu.

Ta tauna, ta runtse ido, ta dafe kumatu. "Baba, tsami!"

Ni ban iya magana ba. Shi ne, bai canza ba, har da sanyin da gishiri-gishirin. Na ba ta labarin darni da turke da ƙwaryar da aka rufe da mayafi, da tsohuwar da ba ta taɓa gani ba. Ta saurara, sannan ta ce tunda azumi yake yi, ba za a ba shi ruwa da rana ba, sai an kira salla.

Da magariba na fito alwala na tarar da ita a gindin katanga, ta yi ɗage, tana tsiyaya masa ruwa daga butata a hankali.

"Barka da shan ruwa," ta ce masa.